Kefas da Robar Rediyon Surukinsa

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Kefas, sana'arsa sa rediyo a mota. Rumfarsa tana bakin titi kusa da tasha, a gindin wata darbejiya. Maƙwabcinsa wani mai faci ne, ana ce masa Zakka, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana cin abinci.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai sa rediyo ba wani abu ba ne, a haɗa waya da waya a tura a rami. Ba nan gizo yake saƙa ba. Akwai wata baƙar roba da take kewaye rediyo a gaban mota kamar wuyan riga, masu aikin suna ce mata firam. Rediyon yanzu ya fi na dā girma, saboda haka sai an yanke bakin robar an faɗaɗa shi kafin sabon ya zauna. Roba kuwa ba ƙullu ba ce da za ka mayar cikin ƙwarya ka sake damawa. Abin da ka yanke ya tafi ke nan. Shi ya sa ƙa'idar aikin ɗaya ce tak: ka yanka kaɗan, ka shiga mota ka gwada, ka fito ka goge da magagari, ka sake shiga ka gwada. Haka za ka yi ta zirga-zirga kamar kaza mai neman wurin ƙwai, har rediyo ya zauna ba matsi ba sako-sako. Sa'an nan ka bi bakin da sanfefa mai kaushi, ka bi da mai laushi, har in ka ja babban yatsa a kai ba abin da zai karce ka.

Kefas ya san wannan duka. Ya iya aikinsa, ba zan tauye masa mudu ba.

Yana da mata, Afiniki, da ɗansu Sila. Mahaifinta wani tsoho ne, Baba Habila, dattijo a ikilisiya. Lokacin da Kefas ya je neman aurenta, waɗansu dangi sun taɓe baki, suka ce me za a yi da mai yankan roba a bakin titi. Tsohon ne ya tsaya masa, ya ce hannun da yake da sana'a ba ya kwana da yunwa. Tun daga ranar Kefas yake jin kunyarsa fiye da yadda kowane suruki yake jin kunyar surukinsa. Ba ya kama sunansa. In zai gaishe shi sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya tsuguna. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, bai taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba.

Baba Habila yana da wata tsohuwar mota da ta girmi Afiniki, irin wadda an daina shigo da kayanta, ko ka kewaye kasuwa duka ba za ka sami murfin fitilarta ba. Autansa da yake aiki a birni ya aiko masa da sabon rediyo, don ya riƙa jin labarai da waƙoƙin sujada. Tsoho ya ce ba wanda zai taɓa masa mota sai surukinsa. Wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a hannun Kefas.

Da safe ya tuƙo motar da kansa, ya tsayar a inuwar darbejiya. Ya fito da sandarsa, ya kewaya a hankali, ya shiga kujerar mai zaman banza ya zauna, ya bar ƙofar direba a buɗe. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya da bencin rumfa ba, shi nan zai zauna, Kefas ya yi aikinsa kada ya damu da shi.

Zakka yana daga wajen tayoyinsa yana kallo. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kefas, yau ina bakin naka? Ko a gida ka manta shi? Kai da kake mana wa'azin roba tun safe har yamma."

Kefas ya harare shi.

Ba a yi ciniki ba. Wa zai yi ciniki da surukinsa? Ni kuwa na daɗe a kasuwa, na san kayan da ba a taya ba shi yake kawo ɓacin rai, gama wanda aka yi wa kyauta ba ya iya cewa a auna a gabansa.

Kefas ya tsaya daga waje, ya miƙa hannu kamar mai sauke tukunya daga wuta, kansa a sunkuye, ya ɓalle robar ya fito da ita. Ya kai ta kan tebur. Nan ya tsaya yana tunani. In zai gwada, dole ya shiga ya zauna a kujerar direba, kafaɗa da kafaɗa da surukinsa, gwiwa tana gugar gwiwa. Ba kuma sau ɗaya ba, a yi ta shiga ana fita ke nan har rana ta take. Ga kuma wani abin da ya fi wannan cin ransa: kada tsoho ya gan shi yana kai da kawowa ya ce a ransa ashe yaron nan bai iya ba, lalube yake yi, ashe dangi sun yi gaskiya.

Sai ya ce wa kansa ai idonsa ma'auni ne. Ya ɗora rediyo a kan robar, ya zaga da alli, ya ɗauki zarto ya yanke gaba ɗaya.

A kan tebur abin ya yi daidai. Amma rediyo ba a kan tebur yake zama ba. A cikin mota akwai ƙarafa da suke riƙe shi, su suke faɗin inda zai tsaya, ba kuwa a ganin wannan sai an shiga. Da Kefas ya leƙa daga bakin ƙofa ya kara robar, sai ya ga rediyo ya zauna ƙasa, sama kuwa ga kafa a buɗe, yatsa zai shige ya fito. Ya saci kallon tsoho, ya ga ya ja hula ya rufe fuska yana gyangyaɗi. Sai ya janye robar a hankali ya koma rumfa.

A nan ne ya kamata ya tsuguna ya ce, Baba, na yi ɓarna. Magana ce da ba ta kai tsawon atishawa ba. Bai faɗa ba.

Yana da sauran fila a gwangwani, irin farin ƙullun nan da masu gyaran jikin mota suke cike lotsawa da shi. Ya yanko kwalin sabulu ya tokare ta baya, ya kwaɓa fila ya shafe kafar, ya ajiye ta sha iska. Da ta bushe ya bi ta da sanfefa har ta yi sumul, ya fesa baƙin fenti.

Zakka ya zo ya tsaya a kansa, ya tambaye shi wannan kuma tuwon wa yake tuƙawa. Kefas ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Zakka ya daina dariya, ya ce, "Ni ba ruwana. Amma ka fi ni sani, fila da roba ba sa zaman aure. Rana ɗaya za ta raba su."

Kefas ya mayar da komai daga waje, hannu a miƙe. Kusoshin da hannunsa ya kai ya ɗaure, waɗanda bai kai ba ya bari. Ya kunna, waƙa ta tashi, tsoho ya farka. Ya duba, ya shafa da yatsa, ya ce kamar da shi aka ƙero motar. Ya yi ta sa wa Kefas albarka, Kefas yana tsugune yana cewa amin, yana ji kamar ana zuba masa ruwan zafi a baya. Da tsoho ya fito zai kewaya wajen sitiyari, ya ga ɗan siririn yankin robar a ƙasa, ya sa sanda ya jawo, ya ɗauka ya jefa a aljihun mota. Ba wai ya gane wani abu ba ne. Tsofaffi ne, ba sa yar da komai. A aljihun nan akwai kusoshin da suka girmi jikokinsa.

Ba a daɗe ba aka yi sujadar godiya ta kaka a ƙauyensu. Baba Habila ya ɗauki dattawan ikilisiya a motarsa, Afiniki tana baya a tsakanin mata da kwandon masara a cinya. Tun daga gari har ƙauye ba shi da zance sai na surukinsa. Ya ce waɗanda suka ce mai yankan roba su zo su ga yankan roba. Ya ce a birni ma ba a yin aiki haka.

Motar ta wuni a rana a ƙofar majami'a, gilashi a rufe, har kujera ba ta taɓuwa. Da aka taso, ga hanyar ƙauye duk ramuka. Tsoho ya sake ɗauko zancen, ya ce wa dattijon da yake gaba, wani Malam Istifanus, ya sa hannu ya ji laushin aikin. Malam Istifanus ya sa yatsa ya danna, daidai lokacin da taya ta faɗa rami. Sai fila ta tsage, ta ɓaro a kan farar rigarsa, baƙa ta waje fara ta ciki, ga kwalin sabulu manne a bayanta. Rediyo ya karkata ya zurma ciki, yana ta waƙa daga can cikin duhu.

Malam Istifanus ya juya kwalin ya duba, ya ce to, mawaƙan dai sun shige ɗaka, amma sun bar mana sabulu. Wani ya tuntsire da dariya a baya, wani ya zungure shi. Baba Habila ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya. Afiniki ta ja gyale ta rufe fuska, ba ta buɗe ba har gari. Kafin su rabu ta tsince ɓaraguzan daga ƙasan motar ta ƙulle a bakin zanenta.

Da yamma ta kawo wa mijinta tuwo. Ya buɗe kwanon miya, ya buɗe na tuwo, ya ga akwai ƙaramin kwano na uku. Ya buɗe, ga filarsa da kwalinsa. Ta faɗa masa abin da ya faru tiryan-tiryan, ba ta ɗaga murya ba. A ƙarshe ta ce, "Baban Sila, ban taɓa ganin Baba ya rasa abin faɗa ba sai yau."

Kefas bai ci tuwon ba.

Daga nan ya shiga wasan ɓuya. Lahadi ta zo ya ce kansa yana ciwo. Wata Lahadin ta zo ya ce aiki ya yi yawa. Ya daina bin layin gidan surukinsa, yana kewayawa ta bayan kwata. In ya ji ƙarar tsohuwar mota, ko ta wa ce, sai ya faɗa bayan tarin tayoyin Zakka. Mutumin da ya ji kunyar zama kusa da mutum ɗaya, ga shi yanzu yana jin kunyar gari guda.

Wata safiya motar ta zo da gaske. Ta tsaya a gindin darbejiya, inda ta tsaya dā. Tsoho ya fito da sandarsa, ya kewaya, ya zauna a kujerar mai zaman banza, ya bar ƙofar direba a buɗe. Zakka ya je ya gaishe shi, ya yi 'yan kame-kame wai Kefas ya ɗan fita. Tsoho ya ce ba komai, inuwar tana da daɗi. Zakka ya zagaya bayan tayoyi ya ce, "Fito, mutumina. Tsohon nan da gorar ruwansa ya zo, har da ƙosai a leda. Ba yau zai tafi ba, ni kuma ina bukatar tayoyina."

Kefas ya fito, ƙura a gwiwa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofar. Ya ce, "Baba, na yanka ya wuce. Na ga ya wuce tun ranar. Kunya ce ta hana ni shiga in gwada, kunya ce kuma ta hana ni gaya muku."

Tsoho ya dube shi ya ce, "Ɗana, da ka gaya mini ranar, da mu biyu ne da itacen nan. Kunyar da ka ƙi ji a gabana, ni na ji maka ita a gaban dattawa." Sa'an nan ya nuna kujerar direba da sanda. "Ranar nan da na kewayo da wannan gwiwar na zauna nan, don wa kake tsammani na bar wancan wurin?"

Tsoho ya buɗe aljihun mota ya yi ta lalube cikin kusoshi, ya fito da siririn yankin robar, ya miƙa masa, ya tambaya ko wannan zai yi amfani. Kefas ya karɓa da hannu biyu. A duk garin ba wata robar da za ta dace da wurin sai ita, gama daga jikinsa aka yanke ta.

Ya kankare sauran filar tas. Ya ɗora ƙarfen da yake narka dalma ya yi zafi, ya kara yankin a inda ya fito, ya narka su ta baya suka kama juna. Sa'an nan ya shiga motar ya zauna, gwiwarsa tana gugar ta surukinsa, gumi yana zuba. Ya gwada, bai shiga ba. Ya fita ya goga kaɗan, ya dawo ya zauna. Bai shiga ba. Haka suka wuni. Tun yana shiga kamar ɓarawo har ya zama tsoho ne yake riƙe masa kusoshi a tafin hannu, yana ce masa nan gefen ya ɗan tokare. Da la'asar rediyo ya zauna daram, aka ɗaure kowace kusa har waɗanda suke can ciki.

Amma inda aka haɗa ya bar layi siriri, kamar tabon sara a jikin itace. Kefas ya ce bari ya fesa fenti ya ɓace. Tsoho ya ja yatsa a kan layin, ya ji ba karcewa, ya danna da ƙarfi ya ji ba motsi. Ya ce, "A'a. Fenti ya ishe mu haka."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Tsohon nan kamar Ubangiji ne. Robar kuwa ita ce abin da ya danƙa a hannun kowannenmu, ranka, gidanka, 'ya'yanki, bakinki. Guda ɗaya ce, ba a sayar da wata a kasuwa. Ya kuma bar kujera kusa da shi a buɗe, domin mu riƙa shiga muna gwada aikinmu a gabansa kowace rana kafin mu yi yankan da ba ya komawa. Wanda yake auna kansa a kan teburinsa kullum daidai yake fita. Ni ban taɓa ganin mai awo da ya ce mudunsa ya tauye ba.

Ku lura, Kefas ba mara kunya ba ne. Da mara kunya ne da ban ɓata bakina a kansa ba. Kunya ce ta yi masa yawa, ya kuma ajiye ta inda ba wurinta ba. Akwai kunyar da take sa ka tuɓe takalmi ka tsuguna, wannan ado ce, Allah ya ƙara mana ita, gama yaran yanzu har sun fara wucewa a tsaye. Akwai kuma wadda take sa ka tsaya daga waje kana miƙa hannu, kana cewa ladabi ne, alhali tsoro kake kada a ga ba ka iya ba. Wannan ba ladabi ba ce, girman kai ne ya ɗaura zanen kunya. Ita ce ta sa iyayenmu na farko suka tsinko ganye suka shige bayan itatuwa, kamar wanda ya dasa itatuwan bai san bayansu ba.

Fila da fenti kuwa kowa ya san nasa, kada ku dubi na kusa da ku. Wata ta yanki 'yar'uwarta da harshe ranar Laraba, ranar Lahadi ta ɗauro ashobi ta fi kowa ɗaga murya a zumuntar mata. Wani gidansa ya tsage tun bara, amma in an tambaye shi sai lafiya lau, sai godiya. Wata tumatir manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa, ta rufe da "Allah ne shaida". Ni dai ba na sayen tulu sai na ƙwanƙwasa, ko mai tulun zai yi fushi ya yi. In ni da nake mutum ina ƙwanƙwasawa, kuna tsammani Ubangiji da ido kawai yake karɓar kaya? Rana tana zuwa, hanya mai ramuka tana zuwa. Ciwo ne, ko rashi, ko ranar da za a tara mutane. A ranar abin da aka manna zai ɓaro a kan farar rigar wani.

Kada kuma ku manta wanda ya sha kunyar. Kefas yana gida ranar. Wanda yake yabonsa ne ya rasa bakin magana, shi da 'yarsa. Haka yake, in muka yi aikin rufa-rufa sunan wanda ya tsaya mana ne ake yi wa dariya. Mai Cetonmu ya san wannan sarai, gama kunyar da ba tasa ba ya ɗauka a gaban taro. Duk da haka bai kai motarsa wata rumfar ba. Ya dawo gindin itacen nan, ya zo da abin da muka yanke muka yar, ya zauna yana jira.

Ba zan yi muku zaƙin baki in ce gyara ba ya barin tabo ba. Yana bari. Amma tabon da aka danna bai motsa ba ya fi sumul ɗin da yake da kwali a baya.

Saboda haka wanda yake bayan tayoyi a yau, ya san kansa. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, Kefas ma bai yi ba. Ka kakkaɓe gwiwarka ka fito, ka ce na yanka ya wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙofar tana nan a buɗe yadda ya bar ta, mai motar kuma da ruwan shansa ya zo.